Likkafanin Maidaji Ya Riga Shi Tafiya

A Guangzhou ta ƙasar Sin akwai watan da bango ke gumi. Mutum zai tashi da safe ya tarar da garun ɗakinsa yana tsiyaya kamar bayan manomi, madubi ya dushe, takalmi ya fid da koren gashi. A irin wannan watan ne Alhaji Maidaji, tsohon ɗan kasuwar Maraɗi da ya daɗe a garin yana aika kaya gida, ya buɗe akwatinsa ya ji likkafaninsa ya fara warin danshi.

Shi da matarsa Saffana suka sayi yadin a Makka, bandir ɗaya aka raba biyu. Suka tsoma a Zamzam, suka shanya a saman masauki, ita ta kama gefe ɗaya ya kama ɗaya suka ninke. Nata an riga an sa mata. Tun daga rasuwarta bai sake son gida ba, sai dai duk inda ya kwana nasa na kusa da shi.

A siton da yake ajiye kaya a unguwar Liwan akwai wata firiza mai lotsattsen gefe da ta shekara ba mai so. Maidaji ya lura bakinta na kamawa gam, ko iska ba ta shiga. Ya ƙunshe likkafanin a baƙar leda ya kwantar a ƙasanta, bai gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba ƙirjinsa ya kama shi a kan matakala, aka kwantar da shi asibiti. Likita ya ce zuciya ta gaji, ya haɗa shi da ƙwayoyi. Maidaji ya zuba su aljihu ba da niyyar sha ba. Shi dai a shirye yake. Da aka sallame shi bai bi ta ɗaki ba, sito ya nufa. Inda firizar take sai shatinta a ƙasa.

Abdulrauf, Bakanon da suke haɗa kwantena tare, yana zaune kan kwali yana cin shinkafa.

"A'a, Baffa! Har ƙwarin ya kai haka? Sannu da jiki."

"Ina lotsattsiyar?"

"Ai ta yi miji," in ji Abdulrauf yana dariya. "Sarari ya rage a bakin kwantena, daidai ita. Ba kai ka koya mana ba a aika iska a teku ba? Silifa muka ɗura mata har wuya."

"Da ka buɗe ba ka ga komai ba?"

"Wata leda dai a ƙasa. Na zaci samfurin yadi ne."

Maidaji ya dafa bango. Da ya faɗi abin da ke cikin ledar, Abdulrauf ya ajiye cokali, ya yi salati, ya ɗauko makullin mota.

Duk shekarun nan kayan Maidaji ta tashar jirgin ruwa ta Nansha suke fita, amma bai taɓa ganin tashar da idonsa ba. Abin da ya gani gari ne guda na kwantenoni, unguwa-unguwa, ba taga ba ƙofar shiga, ja kan shuɗi, shuɗi kan kore. Ƙarafan lodi sun miƙa wuya bisa ruwa kamar raƙuman dawa. Daga nesa ya hangi motoci suna ɗauke da kaya ba direba a ciki, suna kauce wa juna cikin ladabi. A wata ranar da sai ya wuni yana kallonsu.

Mai gadin ƙofa ya saurari Abdulrauf, ya dubi tsohon, ya kaɗa hannu. "Meiyo, lawban." Babu ke nan, maigida. Abdulrauf ya koma gefe ya yi ta kiran waya da gurgun Sinancinsa. Ya dawo a sanyaye: an ɗaure bakin kwantenar, tun safe aka ɗora ta, wasu na bisa kanta. Ya nuna wani jirgi can, mai girman unguwa.

"Baffa, don Allah ka kwantar da rai. Farin yadi a garin nan ake saƙa wa duniya. Zamzam ma akwai jarka wurin abokina Mas'udu. Gobe mu tsoma wani."

"Wa zai kama mini ɗaya gefen?"

Abdulrauf ya mayar da waya aljihu. Suna tsaye har jirgin ya yi kuka, ƙananan jirage suka ja shi baya.

Washegari Maidaji ya je bakin tafkin Liuhua, inda ya saba zama. Akwai wani tsohon Basine da ke zuwa da bokiti da dogon buroshi, yana rubutu da ruwa a kan daɓe. Kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya bushe, shi ko a jikinsa. Da can abin na ba Maidaji dariya. Yau sai ya riƙa lissafin hanya: teku wajen wata biyu, sannan Kwatano, sannan kamiyo, babbar motar kaya, sannan 'yan duwan masu binciken kaya a iyaka. Idan ya faɗi a nan kafin nan, da baƙon yadi za a naɗe shi, nasa kuma ya isa Maraɗi a ƙarƙashin silifa, a buɗe shi a tsakiyar kasuwa a rasa na mene ne.

Ya laluba aljihu ya fiddo ƙwayoyin. Ruwa bai zo da shi ba, da yawu ya haɗiye ɗaya. Sannan ya kira Abdulrauf ya ce ya nema masa jirgin sama zuwa Yamai.

Yanzu yana Maraɗi. Ya je kabarin Saffana ya gaya mata abin da ya faru, ya ce ta yi haƙuri, kayan na hanya. Kowace safiya yakan sa a fito masa da kujera ƙofar shago, ta fuskanci inda manyan motoci ke shigowa. Ya daina cin gishiri, ba ya tsallake magani, in zai miƙe sai ya fara dafa ƙirji ya saurara. Jiya Abdulrauf ya kira ya ce jirgin ruwan ya tsaya a wata tashar da ba a shirya ba, ba a san ranar tashinsa ba.

"To," in ji Maidaji. Ya ce a miƙo masa ruwa.