Ragowar Alhaji Lawali

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da Mushe Sadiƙ, wato Malam Sadiƙ a bakin Faransawa, ya dawo daga Kwatano, inda ya yi shekaru yana ɗaukar faranti a manyan otel na bakin teku, sai ya dubi tabkin Madarunfa ya ce ai wannan ma teku ne, mutanen garin ne ba su da ido. Kawunsa mai kuɗi ya ba shi jari. Ya sa kamiyo, babbar motar kaya, ya kwaso yashi daga gulbi aka shimfiɗa a gaɓar ruwa, aka kafa rumfunan shuci da kujerun kishingiɗa, aka gina ɗakuna masu sanyi. Ya dasa kwakwa, ta mutu. Gawon da ya tarar a wurin shi ya ci gaba da ba da inuwa.

Mai girkin otel ɗin Lai'atu ce, matar marigayi Kalebu, Kirista daga iyalan mishan na Maraɗi da aure ya kawo garin. Ba ta da gona, ba ta da ɗa namiji. Abin da ta mallaka hannunta ne. In ana biki ko suna a unguwa, Musulmi da Kirista ita suke kira ta tsaya kan tukunya, kuma duk Kirsimeti akushinta na zaga gidajen maƙwabta, a cinye, a mayar mata da shi da ɗan gero ko gyaɗa a ciki, don ba a mayar da kwano wayam. Farfesun tarwaɗarta shi ya sa alhazan Maraɗi da na Ɗan Isa suka san hanyar otel ɗin, ba yashin Mushe Sadiƙ ba.

To, Mushe Sadiƙ ya zo da wata doka daga bakin teku. Wai wani Bature shugaban masu girki ya koya masa cewa baƙo na iya yi maka ƙarya da baki, amma farantinsa ba ya ƙarya. In ya dawo fes, an ji daɗi. In ya dawo da ragowa, mai girki ta gaza. Saboda haka duk lokacin da baƙi suka gama ci, sai ya zaga tebura yana murmushi, yana tambayar ko komai ya yi daidai, idonsa kuwa na kan faranti.

Turawa da ma'aikatan ƙungiyoyi da ke zuwa hutu suna share nasu har su lashe cokali. Alhazai kuwa ƴaƴan gida ne. Wane dattijon kirki zai suɗe kwano a gaban mutane kamar wanda ya kwana uku bai ci ba? Mutum ya ci, ya bar ɗan wani abu a gefe, shi ne alamar an ƙosar da shi, kuma shi ne rabon yaran mai girki. Haka muka tashi muka tarar.

Lai'atu ta faɗa masa haka tun ranar farko da ya shigo madafa da faranti a hannu yana girgiza kai.

"Mushe, ai ladabi ne. Kai ma ka sani, a gidanku haka ake yi."

"A gidanmu, Madam Lai'atu, ba nan ba," in ji Mushe Sadiƙ. "Nan kuɗinsu suka biya, ba gidan surukai suka zo ba. Wanda ya biya kuɗi ya ji daɗi ba ya bari. Ku bar mini zancen ƙauye."

Ta rage yawan abincin da take zubawa. Alhazai suka tashi da yunwa, amma duk da haka suka bar ɗan ragowa, suna fita suna cewa otel ɗin ya fara rowa. Mushe Sadiƙ ya ji, ya yi mata faɗa, ta mayar kamar da. Farida, mai kai abinci tebura, ta ji tausayinta, ta fara kwashe ragowar a leda kafin Mushe ya iso. Ya kama ta a karo na biyu, ya ce in ta sake, su biyun za su kama hanya. Farida na da tsohuwa makauniya a Safo. Ba ta sake ba.

A cikin masu zuwa, babu wanda ya kai Alhaji Lawali na Ɗan Isa son girkin Lai'atu, kuma babu wanda ya kai shi barin ragowa. Mutum ne mai manyan motoci da ke tsallaka iyaka, mai faɗin hannu, mai tsoron abokan hamayya kamar yadda duk mai dukiya yake. In an kawo masa tarwaɗa, sai ya ci gangar jiki, ya bar kan, wanda shi ne daɗin kifin, ya ce wa Farida, "Kai wa baiwar Allahn nan, ta sha romo ita ma." Shi a ganinsa alheri yake yi. Bai san duk kan kifin da ya bari, wuƙa yake wasa mata ba.

Wata Asabar aka aiko cewa Alhaji Lawali zai zo da abokan cinikinsa uku daga Katsina, su ci abincin rana a bakin ruwa. Mushe Sadiƙ ya shigo madafa da safe, ya tsaya ya harɗe hannu.

"Yau ce ranarki. Sauran ukun baƙi ne, ban san cikinsu ba. Amma Alhaji na sani. In farantinsa ya dawo da ko da loma ɗaya, akwai wani yaro mai girki a Kwatano da ke jiran kirana. Kin ji ni?"

"Na ji, Mushe."

Ta je gaɓa da kanta ta zaɓi tarwaɗa a komar masunta tana da rai. Ta daka kayan yaji da hannunta, ta sa daddawar da ta ajiye don Kirsimeti. Ƙamshin ya kai har rumfunan bakin ruwa, har ɗaya daga cikin Katsinawan, wani dogo mai yawan zolaya, ya ce wa Alhaji Lawali, "Ashe shi ya sa motocinka ke kwana a Ɗan Isa kai kana kwana nan."

Suka ci, suka yi gumi, suka yaba. Lai'atu tana leƙe ta tagar madafa. Ta ga Alhaji ya ci gangar jiki, ya ture kan tarwaɗar gefe da ɗan tuwon shinkafa, ya jingina da kujera ya ce alhamdulillahi. Yau da yake gaban baƙi ne, abin da ya bari ya fi na kullum. Can ƙarƙashin gawo ta hango Mushe Sadiƙ yana gyara wuyan riga, zai fara zagayensa.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Lai'atu ta goge hannu a zane, ta fito. Ba ta taɓa taka yashin nan ba tun da aka shimfiɗa shi. Ta iso teburin, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Alhaji, barka da hutawa."

"A'a, yau ga mai hannun zinariya da kanta! Ku gan ta nan, ita ce. Allah shi yi albarka, baiwar Allah."

"Amin, Alhaji. Wata alfarma nake roƙo." Ta nuna farantin. "Don Allah ka cinye wanga."

Alhaji ya yi dariya, ya shafa tumbi. "Ina zan sa shi? Ko kina so a ɗauke ni a amalanke? Naki ne, ɗauki."

"Don girman Allah, Alhaji, ka ci. Kada ka bar komai."

Dariyar ta ragu. Alhaji ya dubi baƙinsa, ya dube ta. "Na ce na ƙoshi."

Mushe Sadiƙ ya kusa isowa. Lai'atu ta ji takunsa a bayanta. Ta kasa cewa dokarsa ce, ga shi nan tsaye, kuma ba a tona asirin mai gida a gaban baƙi. Sai ta sa hannu ta tura farantin gaban Alhaji, hawaye na zuba, ta ce, "Wanga naka ne, Alhaji. Don kai na dafa shi. Kai nake so ka cinye."

Magana zarar bunu ce. Dogon Bakatsinen ya ajiye tsinken da yake sakace da shi. Wannan karon babu zolaya a muryarsa.

"Alhaji, mace ta ce don kai ta dafa, kuma sai ka cinye duka? Mu ba ta ce mana haka ba. Mi ke cikin naka da babu cikin namu?"

Alhaji Lawali ya janye hannunsa daga tebur kamar ya taɓa garwashi. Nan take ya tuna motarsa da ta kife a damina, da ciwon cikin da ya hana shi barci watan jiya, da abokin hamayyarsa da ya rantse sai ya ga bayansa.

"Wa ya aiko ki?"

"Babu kowa, Alhaji, na rantse da Ubangiji."

"Nawa aka ba ki? Tun yaushe kike zuba mini?"

Lai'atu ta juya ta dubi Mushe Sadiƙ. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. In ya ce ni na sa ta, dokata ce, shi ke nan sai a yi dariya a watse. Amma in ya faɗa, manyan mutane huɗu za su san cewa yana bin farantinsu da ido yana ƙirga musu loma. Ya auna otel ɗinsa, ya auna gwauruwa mai girki. Ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, wallahi ni ma ban san ta da wannan hali ba. Ka san irinsu, ba a gane cikinsu."

Farida na tsaye da tire a hannu, ta buɗe baki, ta tuna tsohuwarta, ta rufe.

"In gaskiya gare ki, ci mu gani," in ji Bakatsinen.

Lai'atu ta jawo farantin ƙasa. A durƙushe a kan yashi, gaban maza biyar da sauran baƙin da suka taso daga rumfunansu suna kallo, wani ma yana ɗauka da salula, ta ci ragowar Alhaji Lawali. Ta fasa kan kifin da haƙori, ta tsotse ƙashi, ta haɗiye tuwon da hawaye, ta sa yatsa ta suɗe miyar har farantin ya yi ƙyalli. Ta ɗaga musu shi.

Bakatsinen ya taɓe baki. "Abin da aka haɗa da sunan mutum ai ba ya kama mai haɗawa. Wannan ba shaida ba ce."

Alhaji Lawali ya tashi ya nufi gindin gawo, ya zura yatsa a maƙogwaro, ya amayar da duk abin da ya ci. Mushe Sadiƙ da kansa ya riƙe masa buta, yana ba shi haƙuri, yana cewa yau ɗin nan za ta bar wurin. Alhaji ya ce ya yaba da yadda ya ɗauki mataki da sauri.

Kafin la'asar labari ya riga Lai'atu isa gida. Kafin Juma'a ya kai Gabi da Safo, kuma a hanya ya yi ƙiba: wai an ga garin magani, wai an ga laya a tukunya. Ta sayi kasko ta zauna a tasha tana soya kifin karfasa. Mutane su ji ƙamshi su matso, in sun ga fuskarta su wuce. Aka yi bikin ɗiyar maƙwabciyarta Tani, wadda tare suke ɗiban ruwa shekara da shekaru, aka ɗauko mai girki daga wata unguwa. Ko a majami'a, ranar da mata ke haɗa abincin baƙi, sai suka ce ta huta, ta kula da wanke-wanke.

Yaron Kwatano ya zo. Miyarsa salam take kamar ruwan tabki, alhazai suna barin rabin faranti. Mushe Sadiƙ bai ce masa komai ba, don ya daina zaga tebura. Yanzu taurarin yabo da baƙi ke ba otel ɗin a salula yake dubawa, ya ce su ne ba sa ƙarya. Alhaji Lawali na zuwa duk Asabar.

Da Kirsimeti ta zo, Lai'atu ta yanka zakaranta guda, ta dafa shinkafa da miya kamar kowace shekara. Ta zuba a akushi, ta kai gida-gida da kanta. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya ce an gode, Allah shi maimaita.

Da yamma Tani ta yi sallama daga ƙofa, ba ta shigo ba. Ta ajiye akushin da Lai'atu ta kai mata da waɗanda ta kai wa sauran maƙwabta a bakin zaure, ta ce, "Mun ƙoshi, Lai'atu, kada ya lalace," ta juya.

Lai'atu ta buɗe murfin na farko. Man miyar ya daskare a sama, babu ko sawun yatsa. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Sauran ba ta buɗe ba. Ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta kai bayan gida, inda karnuka ke jira.