Kafin a Tashi Wasa

Lif ɗin gidan ya kwana biyu a lalace, don haka ta matakala aka sauko da Badaru, ɗaure a kujerar ma'aikatan motar asibiti, mutum biyu na riƙe da ita suna nishi. Maƙwabcinsa Muhyiddeen yana biye da su, riƙe da silifas ɗin mara lafiyar, shi kansa bai san abin da ya sa ya ɗauko su ba. Ana kaiwa kwanar hawa na biyu Badaru ya zare robar iskar da aka rufe masa hanci da ita, ya miƙo masa waya a buɗe.

"Liman, riƙe min. Kada ka bari ta kulle. Akwai madanni a ƙasa, ka danna shi kafin a tashi wasa."

"Yaya Badaru, ka bar zancen ƙwallo, ka yi salati."

"Zan yi. Ka danna dai. Ko asara ya nuna, ka danna."

"Yalla, yalla," in ji ɗaya daga cikin ma'aikatan, ya mayar masa da robar. Aka yi waje da shi cikin zafin la'asar, masu shagon wanki da masu gidan shayi na ƙasan benen suka fito suna kallo.

Muhyiddeen ba limamin kowa ba ne. Akawu ne a wani ofishin aika kaya a unguwar Port Saeed, a wannan birni na ƙasar Larabawa. Shi ke jan 'yan ɗaki sallar asuba idan sun makara, kuma ba ya ganin abu ya yi shiru, shi ya sa sunan ya bi shi. Gidan nasu a unguwar Hor Al Anz yake, falo ne aka yanyanka da katako aka yi ɗakuna, kowanne iya gado da akwati. Katakon da ya raba shi da Badaru bai fi kaurin tafin hannu ba. Yana jin tarinsa, yana jin juyinsa, yana jin yadda yake sassauta murya idan yana waya da matarsa Zaituna a Gusau. A 'yan watannin nan ya sha jin sa yana buɗe kwalbar maganin olsa yana kurɓa, yana cewa ƙirjinsa ne ke masa zafi. An ce ya je asibiti, ya ce sai ya gyara takardunsa.

Da can Badaru ɗaure kaya yake yi wa 'yan kasuwar Kano, mutum ne mai hannu, in ya naɗe kwali sai ka rantse daga masana'anta ya fito. Kamfanin ya rushe, ya nemi wani aikin har ya gaji. Daga nan ya koma ga wayarsa, ga wani shafi da ba ya ma buɗuwa a garin sai an zaga ta bayan gida. Kuma kada ka kuskura ka ce masa caca yake yi, za ka sha bayani har abincinka ya huce.

"Ni ba na cewa wane zai ci," haka yake faɗa, yana zaune a kicin da ɗan tawul a wuya. "Kasuwa ce, Liman, akwai mai saye akwai mai sayarwa. Kafin a take wasa sai in sayar da canjaras. Da zarar an jefa ƙwallo a raga farashi ya juya, sai in saye abina da araha in fita. Khalas, shi ke nan. Idan wasa ya yi nisa ba a ci ba, in ɗauki 'yar asarata in fita. Kowa ma ya ci daga baya, babu ruwana. Wanda ya zauna har alƙali ya busa yana jiran sa'a, to shi ne ɗan caca. Ni ban taɓa bari a tashi wasa ina ciki ba, ko sau ɗaya."

"Ka canza masa suna yadda ka ga dama. Me ka saya? Nuna min kayan."

"Kai da kake rubuta kwantena a takarda, ka taɓa ɗaga ta?"

'Yan ɗaki su yi ta dariya, Muhyiddeen ya tsuke baki. Abin ya ɓaci ne ranar da Badaru ya dafa shinkafa da kaza, ya zuba wa kowa a faranti ɗaya. Muhyiddeen ya wanke hannu har ya zauna, sai ya tambayi da kuɗin me aka sayi kazar. Da aka gaya masa, ya tashi ya goge hannunsa a gaban kowa, ya ce shi wannan hannun bai taɓa shiga caca ba kuma ba zai fara yau ba. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, duk da cewa kawunansu kusan a jere suke kwana.

Yanzu ga shi a barandar asibiti, a kan kujerar ƙarfe mai sanyi, da wayar mutumin a wannan hannun. An shige da Badaru ciki an rufe ƙofa. A fuskar wayar lambobi ne, wasu a gida mai shuɗi, wasu a gida mai ruwan hoda, suna ta motsi kamar tururuwa. A sama an rubuta babu wanda ya ci. A ƙasa ga madannin fita, da jar lambar asara a kansa, tana ƙaruwa a hankali. Duk sanda hasken ya fara dushewa sai ya taɓa gefen gilashin da babban yatsa, can nesa da madannin, ya dawo da shi.

Nasir, abokin zamansu da ke sayar da waya a kasuwa, ya iso a guje da rigar aiki. Ya tambayi jiki, aka ce likitoci na kansa. Sannan ya leƙa wayar, ya ji abin da Badaru ya ce.

"To me kake jira? Danna mana."

"Kai ma ka san me wannan yake."

"Habibi, mutum yana can tsakanin rai da mutuwa. Kawo ni in danna, zunubin a kaina."

"Wanda ya miƙa da wanda ya danna duk ɗaya ne. Kuma ni ya ba wa."

"Ya ba ka ne don ka yi masa, ba don ka riƙe kana kallo ba."

Muhyiddeen ya juya masa kafaɗa. Gaskiyar magana, tsoro yake ji, kuma haushi yake ji. Haushin Badaru, da ya rasa wanda zai ɗora wa wannan kaya sai shi, bayan ya fi kowa sanin matsayinsa. Ya ce a ransa, mutum ƙirjinsa na tsagewa amma hankalinsa na kan kuɗi. Sau biyu yatsansa ya je saitin madannin ya tsaya a iska. Ya tuna fuskar Badaru a kan matakala, gumi na zuba, idanu sun yi zuru-zuru. Ya kuma tuna yadda ya goge hannunsa a gaban mutane. Jar lambar ta ci gaba da hawa, shi kuma ya ci gaba da taɓa gefen gilashi.

Daf da magariba lambobin suka daskare, wani rubutu ya rufe fuskar wayar. Nasir ya duba tasa wayar, ya buga cinya. An jefa ƙwallo a mintin ƙarshe. Jim kaɗan aka tashi wasa, ja ya ɓace, wata lamba koriya ta fito a gurbinsa, mai kauri.

"Ya ci," in ji Nasir a hankali. "Ya ci duka ma."

Wani sanyi ya sauka a zuciyar Muhyiddeen. Ya ga Allah ya raba gardama: hannunsa bai taɓa ba, kuɗin Badaru kuma bai salwanta ba. Ya bar wayar ta kulle kanta, ya sa a aljihu, ya tafi neman wurin alwala yana jin jikinsa sakayau.

Washegari da hantsi aka bar shi ya shiga. Badaru na kwance, an jona masa wayoyi a ƙirji, ya rame a dare ɗaya, leɓunansa sun bushe. Da ya ga Muhyiddeen ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Liman. Ka fitar da ni?"

"Yaya jikin, Yaya Badaru? Kwantar da hankalinka, labari mai daɗi ne. Ba ka yi asarar ko sisi ba. A ƙarshen wasa aka ci, Nasir ya ce ribar ma ta fi wadda ka saba samu."

Murmushin Badaru ya ɓace. Na'urar da ke gefen gadon tana ta ƙararta.

"A ƙarshen wasa?"

"A mintin ƙarshe."

"Wato ba ka danna ba."

"Ai ka san ba zan iya ba. Amma ka ga Allah ya..."

"Kada ka sa sunan Allah a ciki." Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta tsayar da shi. Badaru ya lumshe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ya shige kunnensa. "Ka ɗauka kuɗin nake ji? Na ce maka ko asara ce. Tun da na fara abin nan, duk sanda na kai goshina ƙasa, abu ɗaya nake riƙe da shi, cewa ni fita nake yi, ba na jiran sa'a. Wataƙila ƙarya nake wa kaina. Na sani. Amma ita kaɗai gare ni, Liman. Jiya da na ji abin ya kama ni na ce kada in tafi ina ciki."

Muhyiddeen ya sunkuyar da kai.

"Yanzu dai ta tabbata," in ji Badaru. "Na zauna har aka busa, na ci. Ɗan caca, kamar yadda ka faɗa."

"Ba kai ka zauna ba. Ni ne."

"Da sunana ne." Ya ja numfashi da ƙyar. "Kada a aika wa Zaituna wannan. Ko kwabo. Ku bar shi a can ya ruɓe."

"Ka yafe min, Yaya Badaru."

"Ba komai. Ka kare hannunka. Je ka, ina jin barci."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Wata nas ta taɓa kafaɗar Muhyiddeen ta nuna masa ƙofa. Ya fito ya tsaya a bakin titi, motoci na wucewa, bai san ta wace hanya ake komawa gida ba, a garin da ya yi shekaru a cikinsa. Da yamma ya dawo da niyyar ya zauna kusa da shi ya karanta masa abin da ya sawwaƙa, ya ce masa ƙofar tuba a buɗe take, ya ce masa abubuwa da yawa da ya tsara a cikin bas. Aka ce ba a shiga, jikin ya tashi. Kafin azahar ta kashegari aka kira Nasir a waya.

Muhyiddeen aka sa ya gaya wa Zaituna, tun da shi ne mai iya magana. Ta yi salati, ta yi kuka mai tsawo, sannan ta tambaya ko ya samu cikawa da kalmar shahada. Ya ce ba ya wurin. Ta ce Baban yara kullum yana ambatonsa, yana cewa Allah ya ba shi maƙwabci mai tsoron Allah, wanda ko ya mutu a can ya san ba za a wulaƙanta gawarsa ba. Muhyiddeen ya ce Allah ya jiƙansa, ya kashe wayar, ya zauna a bakin gadonsa. Ɗakin da ke bayan katakon shiru, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Takardu suka ɗauki kwanaki. 'Yan uwa suka amince a binne shi a nan, don mayar da gawa gida ba ƙaramin aiki ba ne. Ranar da aka ba da gawar, 'yan ɗaki da wasu 'yan kasuwar da ya taɓa ɗaure wa kaya suka taru a maƙabarta. Mai wankan gawa, wani dattijo mai jan gemu, ya leƙo ya ce mutum ɗaya daga cikin danginsa ya shigo ya taimaka. Kowa ya juya ya kalli Muhyiddeen.

Ɗakin farin tayil ne, yana ƙamshin kafur. Dattijon na zuba ruwa, shi kuma yana cuɗawa inda aka nuna masa. Suka yi masa alwala, suka fara da ɓangaren dama. Muhyiddeen ya ɗaga hannun Badaru, ya ji shi da nauyi da sanyi, tafin duk kanta ta shekarun jan igiya. Ya wanke shi, ya bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya sake wankewa. Dattijon ya matsa da butarsa zuwa kafaɗa, ya jira, ya waiwayo.

"Khalas, ya akhi," ya ce a hankali. "Ya fita."

Muhyiddeen ya gyaɗa kai, amma bai saki hannun ba. Ruwan ya ci gaba da bin gefen teburin yana ɗiga a kan ƙafafunsa.