Rabon Teku Ba Ya Shiga Takarda

Mijina Stratis zai iya cire rigar jikinsa ya ba ka, amma ka ce ya sa maka hannu a takarda, sai ka ga kamar ka zagi uwarsa. Haka masu jiragen kamun kifi na tsibirinmu suke. Ba a albashi a teku, rabo ake yi: a fitar da kuɗin mai da na abinci, jirgi ya ɗauki nasa, sauran a kasa a teburin shan gahawa, kowa ya zura a aljihu. Abin da ake rubuta wa hukuma kuwa, ɗan abin toshe bakin masu haraji ne.

Hamdi ya zo mana daga Masar tun gemu bai fito masa ba. Mu 'ya'ya mata Allah ya ba mu, duk sun yi aure a birnin Atina, don haka Stratis ya ɗauke shi ɗa, rabonsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Da ya je gida ya auri Nagat, mu muka aika da zoben. Sai dai auren ya zama na waya: ya je da sanyi ya yi 'yan makonni, ya dawo ya bar ta tana kallon hanya.

Ya nemi izinin kawo ta, aka hana. A takarda, abin da yake samu bai isa ya riƙe mutum biyu ba. Bai gaya wa kowa ba, ni ce na lura yana barin miyar wake a kwano, shi da yake sharce tukunya.

Wata Lahadi muna cin abinci ya ajiye cokali.

"Kyaftin, ƙarshen wata zan tafi."

"Ina, jikan Fir'auna? Ka samu jirgin da ya fi nawa wari?"

"Ba jirgi ba ne. Kamfanin kifin gwangwani ne. Kuɗinsu bai kai rabona ba, amma suna ba da takardar albashi. Ita ofishin baƙi ke so kafin su bar Nagat ta zo."

Fuskar Stratis ta yi ja. "Na taɓa cin ƙwandalarka?"

"Haba Kyaftin."

"To me ya kawo takarda tsakanina da kai? Takarda ai ta ɗan ƙwadago ce. Ni ban ɗauke ka ɗan ƙwadago ba."

Hamdi ya sunkuyar da kai, ya yi mini godiyar abinci, ya fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko da ban taɓa ganin Nagat ido da ido ba.

Na ce, "Kai dai furfura ta zo, hankali ya tsaya a hanya. Kana cewa ɗanka ne. Wane uba ne zai bar ɗansa yana kwana shi kaɗai shekara da shekaru don kada a taɓa masa girman kai?"

"Sevasti, kin san abin da inshora za ta ci in na rubuta gaskiya? Sabon injin da nake son saya wa jirgi sai dai mu gan shi a mafarki."

"Tsohon ai yana tari ne kawai, kamar kai, kuma ban canza ka ba."

Ya yi kunnen uwar shegu da ni kwana da kwanaki. Sai wata safiya na ga ya sa takalmin zuwa coci ranar da ba ta coci ba. Wurin akanta ya je don a rubuta wa Hamdi takardar albashi ta gaskiya, ya ja Hamdi a baya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Akantan ya ba ni labari daga baya, wai da aka zo layin da aka rubuta "mai ɗaukar aiki", sai da Stratis ya yi ta juya biro kafin ya sa hannu, yana cewa ubansa zai juya a kabari.

Ba nan take aka gama ba. Sai da takardun albashi suka taru, shekarar haraji ta zagayo, aka sake neman izinin kawo Nagat. Tsohon injin ya mutu musu a tsakiyar teku har aka jawo su, masunta suka samu abin tsokana a gidan gahawa. Stratis dai ya shiga yi wa ɗakin bayan gidanmu farin fenti, wai bangon ne ke damunsa.

Daga ƙarshe aka ba da izinin. Ranar da jirgin fasinja ya kawo ta, Stratis ya fito cikin kwat ɗin aurenmu da maɓallinsa ya daina haɗuwa. Nagat ta sauko a tsorace, riƙe da jaka da gwangwanin alewa. 

Stratis ya karɓi jakar, ya zunguri Hamdi. "Fassara mata. Ka ce za ta ga an rubuta wai kai ɗan ƙwadagona ne. Kada ta yarda. Ƙarya na yi wa hukuma don su bar surukata ta zo gida."