Wa Ya Aike Ki?

Duk unguwar Setapak ta Kuala Lumpur an san Malam Ɗayyabu da abu biyu: samar wa ɗalibai gurbin karatu da ɗakin haya, da kuma kukan cewa 'ya'yan zamani sun yar da Hausa. In ya zauna a mamak, shagon shayin Indiyawa, da shayinsa, sai ka rantse shi kaɗai aka bar wa gadon harshen. Ɗan wane bai iya gaisuwa ba, 'yar wance ba ta san sunan muciya ba. Abin da ba ya faɗa shi ne, 'yar cikinsa Ulfa, wadda aka haifa a Kano aka yaye a Kuala Lumpur, in ya yi mata Hausa da Turanci take mayar masa, in ta ga dama ta liƙa masa "lah" ɗin 'yan Malay a wutsiya. Ga ta har ta shiga kwaleji, bai taɓa jin jimla guda ta Hausa daga bakinta ba. Abin nan yana cin sa, ci na gaske.

Iro mai sayar da layin waya ne ya fasa ƙwan, a gaban jama'a, da murmushin nan na masoyi.

"Malam, ashe gidanku akwai makaɗa? Haba, ka ɓoye mana. Da bikin ƙanena ai da mun huta da neman mai kalangu."

Ya miƙo waya. Ga Ulfa da ɗankwalinta, rungume da jita, tsakanin wasu matasan Malay, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi musu rasuwa. A ƙasa an rubuta Lahadi, bayan la'asar, a unguwar Sentul.

Ranar Lahadi Malam ya ɗora hularsa ta zuwa ɗaurin aure, ya tsaya a ƙofar kicin.

"Yau da hannuna zan sauko da ita," ya ce wa matarsa Barira. "Hutun nan Kano za ta, gidan Yaya Hansatu. Ba dawowa sai Hausa ta zauna a bakinta."

Barira ko ɗago kai ba ta yi daga yankan albasa ba. "Allah ya kiyaye hanya, Malam. Ka tafi da auduga saboda kunne."

"Au, dama kin sani?"

"To wa kake tsammani yake soya musu doyar da suke tafiya da ita wajen gwaji?"

Wurin da ake kira zauren wasa ashe saman shagon mai facin taya ne. Malam ya hau bene yana haki, ya shirya tarar da 'yan iska, har ya tanadi abin da zai gaya musu. Sai wani saurayi mai gashi har kafaɗa ya rusuna ya gaishe shi da "pakcik", wato kawu, ya buga masa hatimi a bayan hannu, ya roƙe shi ya cire takalmi. Takalma jere a bakin ƙofa kamar masallacin Juma'a. Wannan ladabin ya ɓata masa rai ƙwarai, don ya rage masa makami.

Ciki duhu, zafi, da warin safa. Wasu samari na kan dandamalin da bai fi tabarma biyu ba, suna fitar da ƙara irin ta injin markaɗe da ya haɗiyi cokali. Malam ya yi musu uzuri, ya ce gyaran kaya suke yi, yanzu za a fara. Yana nan yana jiran a fara sai ya ji an ɓarke da tafi. Ashe har an gama. Jama'ar ma abin kallo ne: ba rawa, ba guɗa, ba mai kiran sunan kowa, kowa ya harɗe hannu yana gyaɗa kai kamar ana yi masa bayanin hukuncin gado.

Sai su Ulfa suka hau.

Malam ya fara kutsawa gaba. Ganga ta tashi, jitar ta yi gurnani, 'yarsa ta matso bakin makirfo ta rufe ido.

"Wa ya aike ki?" ta rera. "Da wa kike yi? Ke, da wa kike yi?"

Ƙafarsa ta tsaya da kanta. Hausa! Hausa tsantsa, ta cikin birni, ba gargada, ba gwaranci. Wallahi sai da gashin jikinsa ya tashi. Ya waiga yana neman ko Iro na kusa, ya zo ya ji da kunnensa, munafuki.

"Kashe fitilar nan," in ji Ulfa, "ubanki ne mai kamfanin wuta?"

Ɗakin gaba ɗaya, Malay da 'yan Sin da Indiyawa, suka amsa da murya ɗaya: "Rufe min baki!"

Mai ganga ya ɗauke hannu. Cikin shirun nan Ulfa ta ja tsaki a makirfo, dogo, mai lanƙwasa a ƙarshe, jama'a suka ja tare da ita. Nan fa Malam ya gane tsakin. Nasa ne. Ko Barira ba ta iya lanƙwasa shi haka ba.

Ya ce bari dai a ji ta gaba, ai ba a yanke wa mawaƙi hukunci da waƙa ɗaya. Ta gaba ta zo a hankali, mai sanyi, har wasu na ɗaga fitilar waya: "Haka aka koya miki? Kalle ta don Allah. Tashi ki ba ni wuri." Wadda ta biyo baya kuwa baiti ɗaya ne ake ta maimaitawa, "Sai na faɗa sau nawa", kuma ga dukkan alamu ita ce aka fi so.

Ya tsaya yana laluben ƙwaƙwalwarsa, ko akwai wata magana da ta manta ba ta sa ba. Ranar da ta ci jarrabawa, da Turanci ya yaba mata. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita a asibiti, da Turanci ya lallashe ta, wai don ta gane sosai. In zai yi mata alheri sai ya ari harshen wasu, in ransa ya ɓaci Hausa ke zuwa da kanta. Yarinya ba ta rage komai ba. Abin da aka ba ta ne ta haddace, kuma haddar ta yi kyau. Kunya ta rufe shi.

Wata 'yar Malay mai tabarau da ke gefensa ta taɓo shi, ta tambaye shi da Turanci ko shi ɗan ƙasarsu Ulfa ne. Ita dai, in ji ta, ta haddace waƙoƙin duka amma ba ta san ma'anarsu ba. Na soyayya ne, ko?

"Na soyayya ne," in ji Malam. Bai tsaya tantance ko ƙarya ya yi ba.

Aka kunna fitila, aka sanar da hutun Magariba. Masu gashi har kafaɗa suka fara naɗe hannun riga suna neman famfo. A bakin ƙofa, wajen takalma, Ulfa ta yi kiciɓis da hular ɗaurin aure. Ta sandare, ta ƙanƙame jitarta, abokanta suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Huɗubar Kano da gidan Yaya Hansatu tana nan a bakinsa, ya taho da ita tun daga Setapak. Ya haɗiye ta. Ya lalubo kalma mafi daɗi da ya sani, ya gyara murya, ya fito da ita da Hausa.

"Madalla, Ulfa. Madalla da ke."

Ita ba kalmar ta saurara ba, harshen ta ji. Idonta ya ciko, ta sauke jitar daga kafaɗa ta jingine ta da bango, ta durƙusa a kan takalman mutane.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Ba zan ƙara ba."

Jimlar da ya yi shekara da shekaru yana jira ke nan. Ta fito tsaf, babu inda za a gyara.