Tsagar Malam Labaran

Muttaka mai hoto yana da hannu, wannan ko mai jin haushinsa ba zai musa ba. Ciwonsa ɗaya, bai iya ganin tabo ya ƙyale. Duk wanda ya shiga shagonsa da ke hanyar kasuwar Talata Mafara da ƙuraje, to a hoto zai fito sumul, har uwarsa sai ta duba sau biyu.

Wata ranar kasuwa Gwaggo Saude, yayar mahaifinsa, ta zo daga Maradun. Bayan an gaisa, an tambayi gida da yara da gajiyar mota, ta kwance lalitarta ta ciro wani ɗan hoto a naɗe cikin leda. Mijinta ne, Malam Labaran, wanda ya rasu tun Muttaka bai yi wayo ba. Hoton ke nan guda da aka taɓa yi masa a duniya. Ranar da 'yan bindiga suka sa suka baro ƙauyensu Gidan Goga a guje ta ninke shi ta cusa a lalita, bai sake barin jikinta ba. So take a gyara shi a ƙara masa girma, jikoki su ga kakansu.

Hoton ya sha wuya, duk ya tsattsage, ga shi ya manne da ledar. Allah ya taimaki Muttaka ya fara ɗaukarsa da kyamara ya zuba a kwamfuta, domin da ya zo ɓare ledar sai rabin fuskar ya biyo ta. Ya zauna ya yi ta kallon ɓarnar da ya yi. Daga nan ya lallashi kansa cewa ai na kwamfuta yana nan, kuma zai yi masa gyaran da Gwaggo za ta manta da na takarda.

Ya kuwa yi gyara. Duk layin da ya gani ya bi ya goge, na goshi, na kumatu, na riga. Wani farin tabo da ke kafaɗar rigar ma ya cike shi da shuɗi. Da ya gama ya adana sabon a kan tsohon, kamar yadda ya saba, ya wanke babba ya sa a firem.

Da Talata ta zagayo Gwaggo ta dawo. Ta karɓi firem ɗin da hannu biyu, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta matsa bakin ƙofa inda haske ya fi.

"Muttaka, wanga ɗan saurayi wa na?"

Ya ce ai Baba Labaran ne.

"Kyakkyawa na, ban hana ba. Amma ban san shi ba. Ina tsagatai?"

Sai a nan Muttaka ya gane. Ashe layukan kumatun nan ba yagewar takarda ba ce, tsagar gado ce, aikin wanzami. Shi da ya tashi a zamanin da aka daina yi wa yara aska, sai ya ɗauke ta datti ya share. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi ya ba ta ɗan tsohon nata ta koma da shi, dole ya ciro ledar ya nuna mata. Ta daɗe tana kallon rabin fuskar nan, sannan ta zauna a kan benci a hankali. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Bai san abin yi ba sai ya buga wa matarsa waya. Zakiyya ce ke gyaran hotunan amare da kwamfutar nan in ya kai ta gida, kuma amare sun koya mata hankali: yau a ce ƙara mini haske, gobe dangin ango su yi magana a ce maida ni yadda nake. Shi ya sa ta saita manhajar gyaran hoton tana rubuta duk matakin da aka yi a jere, kowanne da mazauninsa, ana iya cire ɗaya a bar sauran. Muttaka ya sha yi mata tsiya a kan haka, wai tana cika masa kwamfuta da tarkace, har ya taɓa rantsuwa sai ya kashe abin.

"Baban Mufida, ka dai kashe?" in ji ta.

Ya ce bai san inda ake kashewa ba. Ta yi dariya har sai da ya janye wayar daga kunne, sannan ta gaya masa inda zai danna.

Jerin ya buɗe a gefen allo, dogo, kuma kusan duk layin abu ɗaya yake faɗa: gogewa, gogewa, gogewa. Kwamfuta ta san ya goge, amma ba ta san me ya goge ba, shi ma bai sani ba. Mutum ɗaya ce ta sani. Ya jawo mata kujera kusa da shi.

Haka suka yi ta bi. Ya cire mataki, layi ya bayyana a fuskar, ita ta yanke hukunci. Wannan nasa ne, a bari. Wannan takarda ce, a share. Kumatun suka riƙa cika da tsaga daga gefen ido zuwa baki, saurayin nan na ɗazu ya riƙa komawa mutum. Gwaggo ta sake jiki har tana ba da labari, wai ranar da aka fara nuna mata shi a kasuwar Bakura tsagar kawai ta iya kallo don kunya. Da layin ninkin ya fito, wanda ya raba hoton gida biyu, ta kau da kai ta ce ya share, ba ta son tuna ranar. Ya share.

Mataki na ƙarshe da ya cire shi ne na kafaɗa. Farin tabon ya dawo. Wannan kam Muttaka ya tabbata ba tsaga ba ce, launi ne ya koɗe, don haka ya kai hannu zai sake cike shi. Gwaggo ta riƙe masa hannu.

"Bar wanga. Ba nashi ba na, nawa na."

Ta ɗaga babban yatsanta ta ɗora a kan allon, daidai tabon.

"Nan nike riƙe shi in ina mishi magana."

Muttaka ya dubi tabon da yatsa ya ci shekaru yana gogewa kafin ya zama haka, tausayi da kunya suka kama shi lokaci guda. Ya janye hannunsa daga kwamfutar.

Bai sa wannan a firem ba. Babban na jikoki ya ce zai aika musu daga baya. Nata kuwa ƙarami ya wanke, daidai girman na da, ba gilashi ba leda. Gwaggo ta karɓa, yatsanta ya tafi wurinsa shi kaɗai, ta ce, "Malam, sannu da dawowa."