Carbin Daw Pwa Yin

Shekara talatin da biyu mijina U Thaung Nyunt ya yi yana yankan yaƙutu a garin Mogok. Idan dillali ya sami jan dutse mai tsada, ƙofarmu yake fara bugawa. Sai ciwon ɓarin jiki ya kama shi ana tsakiyar damina. Ya tashi, amma hannunsa na dama ya riƙa rawa. Dutse ɗaya ya lalata wajen yanka, labari ya zaga kasuwa, ƙafa ta ɗauke daga gidanmu.

Wata biyar yana zaune a baranda yana kallon tsauni. Ni kuwa na ci gaba da sayar da taliya a bakin kasuwa.

Ran nan Ma Ohn Kyi ta biyo ni gida da kwando a kai. Tana cikin matan da ke tankaɗe tsakuwar da masu haƙa suka zubar. Ta juye kwandon a gabansa. Dutsen ƙanƙara ne, fari tas kamar ruwan rijiya, irin wanda ake watsarwa gefe idan ana neman ja.

"Kawu, carbi nake so ka yi wa mahaifiyata. Ƙwaya ɗari da takwas."

Ya dube ta, ya dube ni. "Ke kika turo ta, Khin Saw?"

"Ni taliya nake sayarwa, U Thaung, ba dillanci ba."

"Da wannan ake koya wa sabon hannu aiki," ya ce mata. "Kai wa almajiran Ko Aye mai yankan dutse."

"Na kai. Sun ce ba su da lokacin tsakuwa. Kai kuwa, Kawu, na ga lokaci ya yi maka yawa."

Na zaci zai kore ta. Sai ya yi dariya, karo na farko tun da ya kwanta. Ta bar kwandon ta tafi.

Kwana tara bai taɓa shi ba. A na goma na dawo na ji ƙarar kekensa na wasa dutse, yana taka shi da ƙafa, ya ɗaure tsintsiyar hannunsa da ƙyalle a jikin katako don rage rawar.

Aikin ya ba shi wuya fiye da yadda ya zata. Da yamma muna shan shayi yakan ɗaga ƙwaya ɗaya ga haske. "Duba nan. Jan dutse yana rufa wa mutum asiri, launi ya ɓoye kuskure. Wannan ba ya ɓoye komai. Ɗan tsagi kamar gashi, ga shi a fili." Sai ya jefa ta a gwangwani. Wanda ya jefar ya fi wanda ya ajiye yawa. Ma Ohn Kyi ta ƙaro kwando biyu, tana tsokanarsa wai ko cinye su yake yi.

"Ki bar ni," in ji shi. "Ba zan ba tsohuwa abin da zan ji kunyarsa ba."

Sai da ya yi wata takwas. Ranar da ya zura ta ƙarshe a zare, ya sa farar rigarsa, muka hau tudu zuwa gidan su Ma Ohn Kyi, yana hutawa a hanya.

Mahaifiyarta, Daw Pwa Yin, tana zaune a tabarma. Muka gaishe ta, ta juyo da fuska wajen muryarmu, sai na ga idanunta sun yi fari. Makauniya ce. Shekara shida ke nan, in ji ’yarta.

Mijina ya ce, "Ohn Kyi, me ya hana ki faɗa mini? Na zubar da ƙwaya ta fi ɗari biyu saboda aibin da ido kaɗai ke gani."

"Da na faɗa, da ka yi na makafi, Kawu."

Tsohuwar ta karɓi carbin ta manna a kumatunta. "Sanyi," ta ce. "Tun ina yarinya nake tsince shi daga faranti ina jefarwa. Ko ban duba ba, yatsana ya san shi." Ta shiga ja ɗaya bayan ɗaya, bakinta yana motsi. Wajen tsakiya ta tsaya, ta murza wata ƙwaya.

"Maigida, wannan ba ta zagaye ba."

Ya karɓa ya duba a hasken taga, ya juya ta. Idonsa bai ga komai ba. Sai da ya rufe ido ya murza sannan ya ji ɗan gefen da ya baje.

"Gaskiyarki, Inna. Zan sake ta."

"Sake ta mana. Amma kada ka yi wata takwas, ba ni da su da yawa."

Kwana uku ya yi ya mayar. Ta yi damina biyu tana jan carbin kafin ta rasu.

Dillalan yaƙutu ba su dawo ba, shi ma bai neme su ba. Matan tankaɗe ne suka riƙa kawo masa farin dutse, wata ’yan kunne, wata abin wuya na ’yarta. Duk abin da ya gama, yakan miƙo mini da safe kafin in ɗauki tukunya, ya tambaye ni ko ya yi.