Kiɗan Da Ya Dace Da Baba Latti

Ba sharri ba ne, shi ma ya sani: shekara ashirin da shida yana jan goge, bai taɓa shiga kiɗa a kan lokaci ba. Ko ya makara da ƙiftawar ido, ko yatsansa ya sauka ɗan ƙasa da inda ya kamata. Shi ya sa abokan kiɗansa uku ke ce masa Baba Latti. Bana kuwa ya ji ƙishin-ƙishin za su sallame shi.

Ana cikin haka wata matashiya mai tsara kiɗa ta kawo musu sabon aiki. Ta raba takardu a ɗakin gwaji, ta ce amon da take so yana tsakanin amo biyu ne, a ɗan tsagin da ko piyano ba shi da maɓalli a wurin. Babu ƙidaya kuma. Kowa ya shigo lokacin da ransa ya ba shi, ya riƙe har hannu ya gaji.

Mai sarewa ya jujjuya takardar. "Ƙanwata, wannan kiɗa ne ko kukan ƙyauren da ya rasa mai?"

Ba ta kula shi ba. "Kawu, fara mana," ta ce da Baba Latti.

Ya ja gogen yadda ya saba. Amon ya fito a karkace, bayan kowa ya gaji da jira. Ta runtse ido, ta dafe ƙirji.

"Yauwa! Shi nake nema. Kawu, yaya ka yi ka same shi?"

"Naci ne, 'yata. Na daɗe a kai."

Sati uku sauran suna haɗa gumi. Mai sarewa, da bakinsa, ya tare Baba Latti a matakala: "Yaya, don Allah nuna min yadda kake kaucewar nan."

Ranar wasa aka yi tafi, har wata tsohuwa ta share hawaye. Shugabansu, mai ƙaton goge, ya riƙe hannun Baba Latti ya ce, "Kujerarka tana nan daram." Baba Latti ya koma gida yana sa wa matashiyar albarka, da iyayenta, da wanda ya koya mata. Matarsa ta ce amin har ta gaji.

Kafin a ba shi takardar nan, wasu masu goge uku aka kai wa a ɓoye, don a samu mai maye gurbinsa. Dukkansu suka duba, suka ce hannu na musu ciwo.